Ciyar da Doki a Jos: Tambayoyi da Amsoshi kan Harawa, Dusa, Kanwa da Magungunan Ƙarin Jiki

Waɗannan su ne tambayoyin da masu dawaki a Jos da Bukuru suka fi yi, tun daga mai doki ɗaya a turke a bayan gida har zuwa yaran barga masu kula da dawakin ƙwallo, wato wasan folo. Kusan kullum da maganar kwalba ake farawa: wane ruwan bitamin, wace hoda, wace allura. Amsar kuwa yawanci a kan harawa, ruwa da gishiri take tsayawa. Ma'aunan da aka ambata a nan na baligin doki ne mai lafiya. Wanda ciwo ya riga ya kama, likita ne zai duba shi.

Dokina ya rame duk da ina ba shi dusa safe da yamma. Wane bitamin zan saya masa?

Kada ka sayi komai tukuna. Bitamin ba ya sa nama, kuma rama ba ta da dalili ɗaya.

Fara da bakinsa. Haƙoran doki ba sa daina fitowa, kuma da yake muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, turamen sama sukan yi kaifi ta gefen kumatu, na ƙasa ta gefen harshe. Tsaya kusa da komi ka kalle shi yana ci. In ka ga yana karkata kai, ciyawa tana faɗowa daga bakinsa a dunƙule jiƙe da yawu, ko ka fasa kashinsa ka tarar da ƙwayoyin dawa yadda suka shiga haka suka fito, to kuɗin hatsinka a ƙasa yake zubewa. Likita zai goge kaifin da magagari, kuma dubawa sau ɗaya a shekara ta ishi yawancin dawaki.

Bayan baki sai tsutsar ciki. Dokin da ke ɗauke da tsutsa yakan yi ƙaton ciki, gashi ya tashi ya dushe, wani lokaci ya riƙa goga gindin wutsiya a bango. Sannan ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi. In ya yi fari-fari ko rawaya, a ɗebi jini a gwada, domin kaska da ƙudaje masu cizo suna sa wa doki cututtukan da ke cinye jini. Sai in duk waɗannan sun fita lafiya ne za a zo kan abinci, kuma a nan ma abin da aka fi tararwa shi ne ciyawar ce ba ta isarsa.

To nawa ya kamata ya ci a rana?

Nauyinsa ne zai faɗa maka, kuma ba sai da sikeli ba. Ɗauki tef ɗin tela. Auna zagayen ƙirjinsa daga bayan ƙafafun gaba, inda majanyin sirdi ke bi. Sannan auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Duka da santimita. Ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877. Misali, doki mai zagaye 160 da tsawo 150 zai ba ka kilo 323 ko kusa da haka. Dawakinmu na Arewa da yawa a wannan tsakani suke, na Ajantina da ake kawowa don ƙwallo kuwa sukan kai kilo 450 zuwa 500.

Busasshiyar ciyawa da harawa a haɗe, kada su gaza kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa a rana, kuma kashi 2 ya fi. Ga dokin misalinmu, kilo 5 zuwa 6.5 ke nan. In ɗanyar ciyawa ce, wajen kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, don haka sai an ninka nauyin kusan sau huɗu. Hatsi da dusa suna zuwa ne a bayan wannan, gwargwadon aikin da yake yi. Dokin da ba a hawa sai kilisar yamma sau biyu a mako, sau da yawa harawa mai kyau da ciyawa da gishiri sun ishe shi.

Wani abu kuma: mudu ma'aunin girma ne, ba na nauyi ba. Mudun gero ya fi mudun dusa nauyi nesa ba kusa ba. Kai mudunka wurin mai sikeli sau ɗaya ka auna kowane iri, ka rubuta a bangon barga don yaron doki ya riƙa gani.

Ta yaya zan san ya kai yadda ake so, bai rame ba bai kuma yi teɓa ba?

Da hannu. Shafa haƙarƙarinsa. In ido ba ya ganin ƙasusuwan amma yatsu suna jinsu ba tare da dannawa ba, ya yi daidai. Likitoci suna auna ƙibar doki da mizanin Henneke na 1983, daga 1 (mafi rama) zuwa 9 (mafi teɓa), kuma wannan da aka kwatanta shi ne 5. Dokin da wuyansa ya yi tozo mai tauri, tsakiyar bayansa ta zama kwari, yana burge 'yan kallo ranar hawa, amma ƙafafunsa ne ke biyan kuɗin.

Me ya sa kuke ta nanata ciyawa? Ai hatsi ne ke sa ƙarfi.

Saboda yadda Allah ya halicci cikinsa. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15, bai wuce bokiti ɗaya ba. An yi shi ne don dabbar da in an sake ta a makiyaya za ta shafe awa 14 zuwa 16 tana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Ruwan tsami na narkar da abinci yana zuba a tumbin dare da rana, ko da abinci ko babu. Taunar ciyawa ce ke kawo yawu, yawun kuma shi ke rage kaifin tsamin. Dokin da aka ba dusa da safe aka bar shi haka har la'asar, tsamin nan naman tumbinsa yake ci, daga nan gyambon ciki ke farawa.

Babban aikin kuma a babban hanji ake yinsa, inda ƙwayoyin halitta masu yawan gaske ke ruɓar da ciyawa su mai da ita ƙarfi. In aka zuba wa doki hatsi mai yawa a lokaci guda, ƙaramin hanji ba ya iya gamawa da shi, ragowar sai ta wuce babban hanji ta yi tsami ta kashe ƙwayoyin nan masu amfani. Abin da ke biyo baya shi ne kumburin ciki, gudawa, ko kumburin naman cikin kofato, ciwon da ke sa doki ya tsaya ya miƙa ƙafafun gaba yana jingina da baya saboda zafi. Ga shi kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga.

Don haka kada hatsi da dusa a ci ɗaya su wuce rabin kilo ga kowane kilo 100 na nauyinsa. Ga doki mai kilo 320, wajen kilo ɗaya da rabi ke nan. In aikinsa na buƙatar fiye da haka, a raba sau uku ko huɗu.

Harawar wake, harawar gyaɗa ko ciyawar daji, wacce ta fi?

A haɗa su. Harawa, ta wake ko ta gyaɗa, tana da furotin da kalsiyam fiye da ciyawa. Ciyawa kamar harkiya, kyasuwa da kiri-kiri ita ke cika ciki ta riƙe shi yana tauna. Kashi ɗaya harawa, kashi biyu ciyawa ya yi wa dokin da ke matsakaicin aiki. Karan acca da ake samu a ƙauyukan Filato bayan girbi yana taimakawa wajen cika ciki, amma ba shi da ƙarfin da za a dogara da shi kaɗai.

Wajen saye, warware damin ka duba tsakiyarsa. Harawa mai kyau koriya ce, ganyenta na jikinta, tana ƙamshi. Wadda ruwan ƙarshen damina ya doka takan yi baƙi-baƙi a ciki, in ka girgiza ta sai farar ƙura ta tashi. Wannan ƙurar fumfuna ce, ita ke sa tari da numfashi sama-sama. Harawar gyaɗa kuma a kaɗe ta sosai, domin takan zo da ƙasa a saiwarta. Lokacin saye shi ne Nuwamba da Disamba. Wanda ya bari sai Maris zai sayi kara da tsada. A ajiye a kan katako ko duwatsu, ƙarƙashin rufi, kada ta taɓa ƙasa ko bango.

Dusa fa? Ita muka tashi muka ga ana ba dawaki.

Dusa ba ta da laifi, dogaro da ita kaɗai ne laifin, kuma a ganina wannan ita ce babbar matsalar ciyar da doki a garuruwanmu.

Ƙashi yana buƙatar kalsiyam da fosfaras, kuma dole kalsiyam ya fi yawa, kamar kashi 1.5 zuwa 2 a kan kashi 1 na fosfaras. Dusa a juye take. A dusar alkama fosfaras ya ninka kalsiyam kusan sau goma, ta shinkafa ma haka ko fiye, kuma gero, dawa da masara duk sun karkata ta wannan gefe. In doki ya daɗe a kan dusa da hatsi ba harawa, jikinsa sai ya fara zarar kalsiyam daga ƙasusuwansa don ya cike na jini. Ba a ganin abin da wuri. Da farko ɗingishi ne mai yawo, yau wannan ƙafa gobe waccan, mai doki ya yi ta shafa magani a gwiwa. Sai tafiya ta yi tauri. Daga baya ƙasusuwan fuska su kumbura a tsakanin ido da hanci, muƙamuƙi ya yi kauri, haƙora su fara motsi. Duƙushi da doki mai tasowa su ne abin ya fi kamawa da sauri, kuma ƙashin da ya yi laushi haka yana iya karyewa a sukuwa ɗaya.

Maganin yana hannunka: harawa kullum, dusa kaɗan. In harawa ta yi wuya a bazara, a nemi garin laimiston, wato garin dutse mai kalsiyam, irin wanda masu haɗa abincin kaji ke saya, a zuba giram 25 zuwa 30 a kowane kilo ɗaya na dusar alkama. A tabbatar na abincin dabbobi ne, ba farar ƙasar shafe bango ba, wadda ke ƙona baki. Kuma a riƙa yayyafa wa dusa ruwa kafin a ba shi, saboda busasshiya tana shiga hanci tana kuma maƙalewa a maƙogwaro.

Gero, dawa ko masara?

Gero ya fi sauƙi a cikinsa. Dawa ƙwayarta tauri gare ta, sai an ɓarza ko an jiƙa, in ba haka ba rabinta a kashi za ta fita. Masara ta fi su ƙarfi, ta kuma fi su saurin kawo matsala in an yi yawa, don haka a ɓarza ta a gauraya da dusa ko kowar wake. Abin da aka jiƙa a ba shi a ranar, kada ya kwana ya yi tsami. Waken soya yana da furotin mai kyau ƙwarai, amma sai an soya ko an dafa, ɗanye yana hana narkewar abinci.

Kowane canji, ko daga tsohon buhu zuwa sabon iri ne, a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 14.

An yi mini tayin masara mai araha, ta ɗan yi fumfuna. In na wanke na shanya fa?

A'a. Gubar da fumfuna ta bari a masara ba ta fita da wanki ko rana. Akwai wata mai suna fumonisin da doki ya fi kowace dabbar gida rashin jure mata. Ƙwaƙwalwa take lalatawa: doki ya riƙa zagaye wuri ɗaya, ya dafa kai a bango, ya makance, ya faɗi, kuma wanda ya kai nan da wuya ya tashi. A nan Filato damina tana da tsawo, daga Afrilu har Oktoba, masara ba ta bushewa da wuri. Tsintar ƙasan buhu da fasassun ƙwayoyi su suka fi ɗaukar gubar. Haka tunkuza ko ƙuli-ƙulin da ya yi ɗaci ko warin tsufa.

Ina kiwon kaji a gida. Zan iya ɗiba masa a buhun abincinsu?

Ko cikin tafin hannu kada ka ba shi. Ana sa wa wasu abincin kaji da na shanu magunguna irin su monensin don hana kaji kashin jini ko don ƙiba. Ga kaza magani ne, ga doki guba ce mai lalata naman zuciya. Kimanin giram 1 na monensin yana iya kashe doki mai kilo 400, kuma ba shi da makari. Wanda ya tsira ma zuciyarsa takan samu tabo. Jos garin kaji ne, don haka a kula da injin niƙa: in ana haɗa abincin kaji a wurin, kada a ɓarza hatsin doki a bayansa. Buhun da ya taɓa ɗaukar abincin kaji ma kada a zuba masa dusa a ciki.

Kanwa ta isa, ko sai da gishiri?

Iyayenmu ba su yi kuskure ba da suke ba doki kanwa, manda da gishirin Bilma. Sun lura dabba tana nema. Amma kanwa ba gishiri ba ce. Abin da ke fita a gumin doki shi ne sodiyam, kuloraid da fotasiyam. Kanwa tana da sodiyam, amma kuloraid ɗinta kaɗan ne, kuma ƙarfinta ya bambanta daga dutse zuwa dutse, wata ma rabinta ƙasa ce. In ta yi yawa tana sa gudawa tana kuma hana shi shan ruwan da aka jiƙa ta a ciki.

Gishirin girki na leda, mai aidin, cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu a rana a cikin dusa, shi ne ƙarin da kowane doki ke buƙata, kuma shi ne mafi araha. Ranar da ya yi gumi sosai a ninka. Mai son ba da kanwa ya ba da kaɗan lokaci-lokaci, amma kullum a ajiye bokitin ruwa zalla a gefe don ya zaɓa.

Da sanyi ya kama sai ya rage shan ruwa. Akwai damuwa?

Akwai. Jos tana kan tudu mai tsawon wajen mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu ruwan da ya kwana a waje yakan yi sanyin da doki zai sa baki ya janye. A daidai lokacin kuma abincinsa duk busasshe ne. Busasshen abinci da ƙarancin ruwa su ke toshe hanji. Doki na buƙatar wajen lita 5 ga kowane kilo 100 a rana ko yana hutawa, mai aiki ko goɗiya mai shayarwa kuwa ninki biyu ko fiye. Sirka masa da ruwan ɗumi da asuba, ka jiƙa dusar sosai, kada ka fasa gishiri. Duba kashinsa kowace safiya: in ya zama ƙanana masu tauri, ko ya ragu, ruwa ne bai isa ba.

Da daren sanyi ciyawa za ka ƙara masa, ba hatsi ba. Ruɓewar ciyawa a babban hanji ita ke ɗumama shi daga ciki.

Ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fito. In sake shi ya ci ya more?

A hankali. Cikin da ya yi wata biyar a kan busasshen abinci ba zai ɗauki sabuwar ciyawa lokaci guda ba. Ba shi harawa tukuna, sannan ya yi kiwon rabin awa, ana ƙarawa kullum har mako biyu. Ciyawar da aka yanko kada a bar ta a cikin buhu ta yi zafi. A guji ta bakin kwalta da ta gefen gonakin da aka yi wa feshi, a kuma tsince leda da igiyar buhu, domin suna dunƙulewa a hanji. Gyauron dawa kuwa kowane makiyayi ya san shi: kada doki ya kusance shi.

Saura mako biyu hawan Sallah, ina so ya cika ya yi sheƙi. An ce akwai allurar da ke yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da ya rame yana buƙatar wata biyu zuwa uku kafin ya murmure ba tare da an cutar da shi ba. Allurai da ƙwayoyin ƙiba da ake bayarwa a ɓoye, irin su deksametason, magungunan ciwo ne masu ƙarfi da likita ke amfani da su na ɗan lokaci. In aka mai da su abin ƙiba, suna karya garkuwar jiki, suna kuma iya jawo kumburin cikin kofaton nan da aka ambata, wanda kan gurgunta doki har abada. Ina roƙon masu dawaki su bar wannan.

Abin da ke aiki ba tare da haɗari ba shi ne mai. Man gyaɗa ko man waken soya ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu, kuma ba ya tsami a hanji. Fara da cokali biyu a cikin dusa, ka riƙa ƙarawa har ya kai mililita 200 a rana cikin mako biyu zuwa uku. In kashi ya yi laushi ko maiƙo, ka rage. Sheƙin gashi kuma rabinsa goge-goge ne da burushi kullum.

Allurar bitamin fa? Ai ba ta da illa.

Tana da ita. A watan Afrilun 2009, a garin Wellington na jihar Filorida a Amurka, dawakin ƙwallo 21 na wata ƙungiya daga Benezuwela suka mutu cikin 'yan awanni, gab da shiga wasa. Bincike ya nuna allurar ƙarin kuzari aka yi musu, wadda aka yi kuskuren zuba mata seleniyam fiye da ƙima. Seleniyam ma'adini ne da doki ke buƙata, amma miligiram 1 zuwa 3 kawai a rana, kuma tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce.

Bitamin A da D suna taruwa a jiki, ba sa fita da fitsari. Dangin bitamin B kuwa ƙwayoyin babban hanji suna haɗa wa doki mai cin isasshiyar ciyawa, bitamin C kuma hantarsa ke yi. Ruwan ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da mutane ke so, doki ba kasafai yake rasa wannan sinadari ba, ciyawa da ƙasa cike suke da shi. In jininsa ya yi ƙasa, a nemo abin da ke shan jinin.

To wane ƙari ne ya cancanci kuɗina, kuma yaya zan zaɓa?

Bayan gishiri da kalsiyam, abu ɗaya ne yawancin dawaki za su amfana da shi: hodar ma'adinai da bitamin da aka yi musamman don doki, mai tagulla, zinki, seleniyam kaɗan, da bitamin A da E. Amfaninta ya fi fitowa daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da harawa ta tsufa ta rasa korenta, domin bitamin A da E a ɗanyen ganye suke kuma suna raguwa a ajiya.

Wajen saye, duba an rubuta don doki ne. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Dole a rubuta yawan kowane sinadari da lamba, da kuma adadin da za a bayar a rana. Robar da ta ce tana ƙara jini, ƙarfi, gudu, sha'awar ci da haihuwa duk a lokaci guda ba tare da lamba ko ɗaya ba, ajiye ta. Kada a sayi hodar da aka ƙulla a leda ba suna. Kuma iri ɗaya ya isa. Masu haɗa uku ko huɗu su ne ke tara wa doki seleniyam da bitamin A ba su sani ba, tunda kowace roba tana ɗauke da nata. In kana ba shi haɗaɗɗen abincin doki na kamfani a cikakken ma'auninsa, ma'adinan suna ciki, ba sai ka ƙara ba.

Kofatonsa na tsagewa. Bayotin zai gyara?

Bayotin ɗaya ne daga dangin bitamin B, kuma yana taimaka wa wasu, miligiram 15 zuwa 20 a rana. Amma kofato milimita 6 zuwa 10 yake tsirowa a wata, sai wata 9 zuwa 12 sabo zai sauko gaba ɗaya. Kafin nan a riƙa gyara kofaton duk mako 6 zuwa 8, a kuma share turke, domin tsayuwa cikin fitsari ta fi rashin bayotin ɓarna.

Ina samun ragowar kayan lambu a kasuwar Farin Gada. Me zan iya ba shi?

Karas, ɗaya ko biyu, a tsaga shi a tsaye don kada ya shaƙe shi. Kabeji yana sa iska a ciki. Dankalin Turawa, ɓawonsa, ganyensa, musamman wanda ya yi kore ko ya tsiro, da albasa da ganyen tumatir, duk a'a.

Goɗiyata tana da ciki. Me zan canja?

Cikin goɗiya wajen wata 11 ne, kuma mafi yawan girman ɗan a wata ukun ƙarshe yake. Daga nan za ka ƙara harawa da ɗan soyayyen waken soya da hodar ma'adinai. Buƙatarta ta fi yawa bayan haihuwa: a watannin farko tana fitar da nono kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinta kullum, wato wajen lita 10 ga goɗiyarmu ta gida. Ruwa kada ya yanke mata. Duƙushi ya sha dakashi cikin awannin farko, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya ƙara ɗaukar garkuwar da ke ciki. Ana yaye shi a wata 4 zuwa 6. Kada a tura shi da hatsi don ya yi saurin girma, gaɓoɓinsa ne za su lalace. Anguriya ma ba ta duƙushi ba ce.

Ranar wasa ko hawa, yaushe zan ba shi abinci? Ranar hutu fa?

Hatsi awa 3 zuwa 4 kafin a ɗaura sirdi. 'Yar harawa kaɗan gab da fita ba ta da laifi, tana ma tare tsamin tumbi. Doki mai aiki tuƙuru a zafi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, don haka da an sauka a ba shi ruwa, ba sai an jira ya bushe ba. Hatsi kuwa sai numfashinsa ya daidaita, jikinsa ya huce.

Ranar hutu a rage hatsi zuwa rabi. Dokin da ya kwana biyu a turke yana cin cikakken hatsi, in aka fita da shi yakan sandare bayan 'yan mintuna, naman cinya ya yi tauri, gumi ya karyo, fitsari ya yi duhu. In haka ta faru a sauka nan take, kada a tilasta masa tafiya.

Yana lasar bango yana cin ƙasa. Me ya rasa?

Yawanci gishiri, ko abin tauna, ko kuma zaman turke ne ya ishe shi. Gyara waɗannan ka gani. Yashi yana taruwa a hanji, don haka a daina zuba masa abinci a ƙasa. Don ka gane ko ya tara, ɗebi kashinsa daga saman tulin, ka zuba a farar leda da ruwa, ka dama, ka rataye minti goma. In akwai yashi zai kwanta a kusurwar ledar, za ka ji shi da yatsa.

Wace alama ce ba a jira da ita, kuma ina zan kai shi?

Ƙin cin abinci, tonon ƙasa da ƙafar gaba, waiwayen ciki, kwanciya da tashi, birgima, gumi ba aiki, ko rashin kashi tsawon yini. Zafin jikin doki mai lafiya digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. In ka ga alamun nan, ɗauke abinci, ka riƙa zagayawa da shi a hankali in yana iyawa, ka kira likita. Kada a yi masa ɗura ta hanci, kada a ɗaga kansa sama a zuba masa mai ko jiƙo. Abin yakan wuce huhu, kuma wannan kaɗai yana kisa.

Jos ta yi sa'a ta wannan fanni. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, Jami'ar Jos tana da asibitin koyarwa na likitancin dabbobi, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu. Ajiye lambar likita mai rajista tun kafin buƙata ta taso. In zai zo, tanadar masa sabon kashin dokin a leda, ɗan abincin da ya ci daga buhun da ake ɗiba, da robar duk wani magani ko hoda da aka ba shi a makon, ka kuma faɗa masa lokacin da ya yi kashi na ƙarshe.